Yadda ake gina ƙungiyar makaranta da ba ta rushewa idan gwanayenta sun kammala

Duk malamin wasannin da ya daɗe a sakandare ya san wannan ciwon. Ka ɗauko yaro ɗanye, ko tsayuwa a fili bai iya ba, ka yi ta fama da shi shekara uku ko huɗu, sai daidai lokacin da ya goge ya zana jarrabawar fita ya yi maka sallama. Kulob na iya ɗaure ɗan wasa da kwantiragi har shekara goma. Makaranta ba ta da wannan gatan. Kowace shekara sai ta rasa manyanta, kuma su ne suka fi iyawa. Shi ya sa yawancin makarantu ke haskawa kaka ɗaya ko biyu, idan Allah ya haɗa musu yara masu baiwa a aji guda, daga nan a daina jin ɗuriyarsu.

Akwai makarantar da wannan bai ci ta ba, kuma da ita zan yi maka bayani, malam. Sunanta De La Salle, makarantar maza ce ta 'yan Katolika a garin Concord, gabas da San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. An buɗe ta a 1965, ɗalibanta wajen dubu ne. Ranar 7 ga Disamba 1991 makarantar Pittsburg ta doke ta da maki 35 da 27 a wasan ƙarshe na yankinsu. Daga wannan rana ba a sake doke ta ba sai ranar 4 ga Satumba 2004. Wasa 151 a jere, kaka 12 cur, babu faɗuwa babu kunnen doki. Kafin su, bajintar da ake ji da ita a duk Amurka ita ce ta makarantar Hudson ta jihar Mishigan, wadda ta ci wasa 72 a jere tsakanin 1968 da 1975. De La Salle ta wuce wannan adadi a 1997, sannan ta ninka shi har da ɗoriya.

Yi lissafi da kanka. Yaro a can shekara huɗu yake yi a sakandare. Ke nan a cikin shekara 12 ɗin nan 'yan wasa sun juya kakaf har sau uku. Wanda ya buga wasan farko na jerin a 1992 ya riga ya zama magidanci lokacin da aka buga na ƙarshe. Duk abin da ya riƙe nasarar, ba gwanintar wasu yara ƙalilan ba ce. Abin da ba ya kammala makaranta ne ya riƙe ta, kuma shi za ka gina.

Wasan nasu ba ƙwallon ƙafarmu ba ne, zari-ruga ce irin ta Amurka. Mutum 11 kowane ɓangare, ƙwallo mai siffar ƙwai, hular kwano da sulke. Ana ba ka dama huɗu ka matsa gaba yadi 10. In ka cika a sabunta maka, in ka gaza ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne. A matakin sakandare minti 48 ake bugawa, kashi huɗu, galibi daren Juma'a, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba. Wannan ya ishe ka fahimtar sauran bayanin, domin abin da za ka kwasa daga wurinsu bai rataya da siffar ƙwallo ba.

Fara da zama wuri ɗaya

Bob Ladouceur ya karɓi ƙungiyar a 1979 yana ɗan shekara 25, bai taɓa jagorantar ƙungiya ba. Kafin zuwansa makarantar ba ta taɓa gama kaka da nasarori fiye da faɗuwa ba. Ya riƙe ta kaka 34, har ƙarshen 2012, ya ci wasa 399, ya faɗi 25, aka yi canjaras 3. An sha yi masa tayin aiki a jami'o'i, inda kuɗi da suna suke, bai tafi ba. Mataimakinsa Terry Eidson, mai kula da tsaron baya, tun farkon shekarun 1980 yake tare da shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne a lokacin dukansu biyu malaman aji ne, darasin addini suke koyarwa a makarantar. Yaron da ya yi barci a aji da safe, da yamma malamin da ya gan shi ne zai riƙe masa usur. In kai koci ne na haya, mai zuwa ƙarfe huɗu ya tafi ƙarfe shida, rabin yaron kawai ka sani. Nemi shugaban makaranta ya ba ka aji, ko da darasi ɗaya ne a mako, ko kuma ka jawo malamin da ke cikin makarantar ya zama hannun damanka. Sannan ka nemo mutum ɗaya da zai iya gaya maka gaskiya ba tare da kun ɓata ba, ku yi niyyar daɗewa tare. Ƙungiyar da ke canza mai horarwa duk shekara biyu kullum a aji ɗaya take.

Zaɓi salon wasa ɗaya, ka ƙi sakin sa

De La Salle ta shahara da wani salon kai hari da ake kira veer, wanda Bill Yeoman ya ƙirƙiro a Jami'ar Houston a shekarun 1960. Ga yadda yake. Mai rarraba ƙwallo yana karɓar ta, sai ya zuba wa ɗan tsaron baya guda ɗaya ido, wanda da gangan aka bar shi ba a tare shi ba. In wannan ɗan tsaron ya tsaya a waje, a miƙa ƙwallo ga mai gudun da ke kutsawa ta tsakiya. In ya afka wa mai gudun, mai rarrabawa ya riƙe abarsa ya zagaya, kuma yana da zaɓin cilla ta ga wani abokinsa da ke biye da shi a gefe. Duk inda ɗan tsaron ya zaɓa, ya yi kuskure.

A lokacin da suke cin kasuwarsu, jami'o'i da yawa sun riga sun yi watsi da wannan salo, ana ganin sa tsohon yayi. Kowane abokin karawa ya san abin da De La Salle za ta yi. Bidiyon wasanninsu na hannun kowa. Amma sani daban, tarewa daban. Dalilin da ya sa Ladouceur ya manne masa shi ne salon ba ya buƙatar ƙarti. Yaransa na sahun gaba sau da yawa ba su kai abokan karawarsu nauyi ba, sai ya mayar da ƙarfinsa kan abu guda: wa zai fara motsi idan aka saki ƙwallo, kuma wa zai shiga ƙarƙashin wani. Takun farko, inda kafaɗa za ta sauka, tsayin ƙugu daga ƙasa, su ake maimaitawa kullum kamar yadda gardi ke tilawa, har ta kai jiki na yi ba tare da ya jira kai ba.

Ga inda amfanin yake ga makaranta. Manyan makarantun Amurka suna da ƙungiya hawa uku: ta sababbin shiga, ta matsakaita, da babbar ƙungiya. In salo ɗaya ake koyarwa tun daga ƙasa, yaron da ya hau babbar ƙungiya a shekararsa ta uku ya riga ya maimaita motsin nan shekara biyu. Ba sabon abu za a koya masa ba, gurbin wanda ya tafi kawai zai shiga.

Saboda haka zauna ka dubi irin yaran da makarantarka ke samu shekara da shekaru, ba na bana kaɗai ba. In gajeru ne masu sauri, kada ka gina wasanka kan dogayen ƙwallaye ta sama don kawai bana ka yi dace da wani zanƙalele a gaba. Zai tafi, ka koma gidan jiya. Zaɓi tsarin da yaro matsakaici zai iya gwanancewa a kansa, ka rubuta shi a takarda shafi biyu ko uku, ka ba duk wanda ke taya ka horar da ƙananan aji. Ni ina da ra'ayin cewa motsi biyar da yara suka haddace sun fi ashirin da suka ɗanɗana. Kuma ka toshe kunnenka daga masu kallon gasar Turai ranar Asabar su zo ranar Litinin da sabon tsari a baki.

Kakar wasa wata huɗu ce, aikin kuwa na shekara ne

A De La Salle shirin kaka yana farawa tun Janairu, ƙwallo kuwa sai ƙarshen Agusta. Tsakanin nan ɗaga ƙarfe ne, da gudu, da jan taya, har cikin dogon hutun bazara. Wannan ne ya sa ƙananan yaransu ke iya tsayawa da manya har minti na 48, wasu ma suna buga gaba da baya duka a wasa ɗaya.

Ba sai kana da ɗakin motsa jiki ba. Tsohuwar tayar mota da igiya, da fili, da rajistar suna, sun isa farawa. Rajistar ce ma ta fi muhimmanci. Riƙa kiran suna kowace rana, ka manna takardar inda kowa zai gani. Idan lokacin fitar da 'yan wasa goma sha ɗaya ya zo, ba ka buƙatar dogon bayani ga wanda aka bari a benci, ko ga yayansa da zai zo yi maka ƙorafi. Sai dai ka lura da lokacin zafi da na azumi da na jarrabawa, ka rage nauyi ko ka mayar da atisaye sassafe. Yara ne, ba sojoji ba.

Katin alkawari

Nan zan daɗe, domin a ganina nan ne asirin yake, kuma shi ne mafi arha cikin duk abin da suke yi.

Kowane mako ɗan wasan De La Salle yana rubuta burinsa a ɗan ƙaramin kati: abin da zai cim ma a atisaye, abin da zai cim ma a gyaran jiki, da abin da zai yi a wasan da ke tafe. Daren Alhamis, jajibirin wasa, ƙungiyar kan haɗu a gidan iyayen ɗaya daga cikin yaran, a ci abinci tare. Bayan an ci, yaro ya miƙe a gaban kowa ya karanta abin da ya rubuta, ya miƙa katin ga wani abokin wasansa. Wannan abokin ne zai sa masa ido, kuma shi zai tashi a zama na gaba ya faɗa wa jama'a ko an cika alkawari ko ba a cika ba.

Dubi abin da wannan ke yi. Koci mutum ɗaya ne, idonsa biyu. Da katin nan ya mayar da kowane yaro mai sa ido a kan ɗan'uwansa. Kuma yaro ɗan shekara 16 yana iya jure faɗan malami, ya sunkuyar da kai ya fita yana dariya, amma ba ya son abokinsa ya tashi a gaban tsara ya ce wane bai yi abin da ya ce zai yi ba. Sababbin shiga suna zaune suna kallon yadda manya ke yi. Badi su ne manyan. Ta haka ɗabi'ar ke wucewa daga aji zuwa aji ko da koci bai buɗe baki ba.

In za ka gwada, ga abubuwan da na ga suna sa shi ya yi aiki. Kada ka karɓi buri irin na “zan yi ƙoƙari” ko “zan taimaki ƙungiya”. Mayar masa da katinsa ya sake. Buri sai wanda za a iya ƙirgawa ko a gani da ido: ba zan makara atisaye ba ko sau ɗaya a makon nan, zan buga ƙwallo hamsin da ƙafar hagu kullum bayan an tashi, duk ƙwallon da na rasa zan bi ta da gudu har sai an ƙwato. Kada ka bari aminai su riƙa musayar kati tsakaninsu, za su rufa wa juna asiri. Haɗa babba da ƙarami, ɗan gaba da ɗan baya. Kada ka hukunta wanda ya gaza cika burinsa, domin daga ranar da ka yi haka kowa zai koma rubuta abin da ya san ba zai gagare shi ba. Faɗar gaskiyar a gaban jama'a ta isa. Kati kuwa, takardar littafin rubutu da aka yaga gida huɗu ta wadatar.

Batun abinci kada ya tsorata ka. Ba liyafa ake nema ba. Ko ƙosai da kunu ne, a ci a wuri ɗaya, kuma in da hali a riƙa zagayawa gidajen iyaye. Uban da ya ga yara talatin zaune a zaurensa suna karanta alkawari ba zai ƙara cewa ƙwallo shashanci ba ce. Su a can suna da wani zaman kuma a ɗakin ibadar makaranta, inda yaran ke magana kan abin da ke damunsu, ba kan wasa kaɗai ba. Kai ka san yanayin makarantarka da abin da zai dace da ita. Abin nema dai wuri ne da yaro zai iya cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, abokansa su ji.

Waɗanda suka zauna da Ladouceur sun sha faɗin cewa ba ya yawan maganar jerin nasarorin. Abin da yake nema wurin yaro shi ne iyakar ƙoƙarinsa daga sakin ƙwallo zuwa busa usur, ba wasa marar kuskure ba. Da farko na ɗauki wannan a matsayin irin kalaman da masu nasara ke yi bayan sun riga sun ci. Amma yana da hikima ta aiki: ƙoƙari abu ne da ke hannun yaro, sakamako kuwa ba a hannunsa yake ba, kuma katin ba ya auna komai sai abin da ke hannunsa.

Nemi wanda zai iya doke ka

Da jerin ya yi tsawo, sai surutu ya tashi cewa raunana suke samu a arewacin Kalifoniya, su gwada zuwa kudu inda ƙarti suke. Mai tsoron lalacewar tarihi da sai ya noƙe. Su kuwa suka tafi. A 1998 suka kara da Mater Dei ta Santa Ana suka ci 28 da 21, suka kuma doke ta shekara huɗu a jere. A Oktoba 2001 suka je har kudu suka sami Long Beach Poly, wadda ake lissafa ta ɗaya a duk ƙasar, suka ci 29 da 15. Maurice Drew, wanda daga baya ya yi suna a gasar ƙwararru ta NFL, shi ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau huɗu a daren. A 2002 suka haye teku zuwa Hawai suka doke St. Louis ta Honolulu.

Sa wasa ɗaya ko biyu irin wannan a farkon kowace kaka. Ƙungiyar da ke lallasa maƙwabta da ci biyar-biyar ba ta sanin inda take yoyo sai ranar da ba gyara.

A faɗi gaskiya kuma

De La Salle makarantar kuɗi ce. Ba a ɗaure ta da iyakar unguwa kamar makarantun gwamnati na can ba, yaro na iya zuwa daga kowane gari na kewaye, kuma nasara na jawo masu baiwa da kanta. Amani Toomer, Aaron Taylor da D.J. Williams duk ta nan suka bi kafin NFL. Duk wanda ya ce maka tarbiyya ce zalla babu baiwa, ya rage maka zance. Sai dai makarantun kuɗi masu irin wannan dama suna da yawa a Amurka, babu wadda ta kai 151.

Akwai kuma gajeriyar hanya, wadda ba na ba ka shawarar bi. Makarantar Bellevue ta jihar Washinton, wadda ta kawo ƙarshen jerin De La Salle, ita ma ta yi zamaninta tana tara kofunan jiha. A 2016 binciken da hukumar wasannin makarantun jihar ta sa aka yi ya same ta da karya dokoki kan yadda ake kawo 'yan wasa da yadda ƙungiyar magoya baya ke kashe kuɗi. Aka hana ta shiga gasar ƙarshen kaka na wani lokaci, kocinta ya rasa kujerarsa. Mu ma mun san namu salon: ɗan haya mai gemu da aka aske da safe aka sa masa rigar makaranta. Kofi ɗaya zai kawo maka, ya kashe zuciyar yaran da suka yi wata takwas suna jan taya.

Shirya wa ranar faɗuwa da ranar sauka

Shekarar 2004 ta zo wa De La Salle da nauyi. A ƙarshen 2003 Ladouceur ya gamu da bugun zuciya. A watan Agusta aka harbe Terrance Kelly, ɗaya daga cikin taurarin da suka kammala a shekarar, a garin Richmond, saura kwanaki kaɗan ya tafi Jami'ar Oregon. Makonni bayan haka Bellevue ta doke su 39 da 20 a birnin Siyatil, ba tare da ta jefa ƙwallo ta sama ko sau ɗaya ba. Suka ƙara faɗuwa sau biyu a kakar, suka yi canjaras biyu. Ba a kori kowa ba, ba a canza salo ba, ba a daina zaman Alhamis ba. Ƙarshen kakar nan su suka ɗauki kofin yankinsu. Da Kalifoniya ta fara wasan zakarun jiha a 2006, sun ɗauke shi a 2007, 2009, 2010, 2011 da 2012.

In ranar faɗuwarka ta zo, kada ka yi taron gaggawa, kada ka ƙara awannin atisaye don huce haushi. Ku kalli wasan tare in akwai bidiyo, ko na waya ne, kowa ya faɗi inda ya gaza, a rubuta katin mako mai zuwa.

Sauka kuwa, Ladouceur ya yi ta a farkon 2013, saura nasara ɗaya ya cika nasara 400. Ya miƙa wa Justin Alumbaugh, tsohon ɗalibinsa da ya buga a cikin shekarun jerin, ya kuma daɗe yana taya shi horarwa. Shi kansa bai bar filin ba, ya koma mataimaki a ƙarƙashin yaron da ya rena. Alumbaugh ya ɗauki kofin jiha a 2014 da 2015. Daga 2016 zuwa 2019 sun kai wasan ƙarshe sau huɗu a jere, St. John Bosco ta doke su biyu, Mater Dei biyu, domin manyan makarantun kudu sun yi nisa wajen tara gwanaye. A 2021 St. Francis ta Mountain View ta ci su 31 da 28, karo na farko cikin shekara 30 da wata makarantar arewacin jihar ta yi hakan. Ba su ne dodon ƙasa ba yanzu. Amma kofin yankinsu, wanda suka fara jerawa a 1992, sun ɗauke shi fiye da sau 30 a jere, a hannun koci biyu kacal.

Don haka tun bana ka duba cikin yaran da ke aji na ƙarshe. Ba lallai gwanin cikinsu ba. Nemi wanda ƙanana ke zuwa wurinsa da tambaya, wanda katinsa ba ya dawowa da gyara. In ya kammala, riƙe lambar wayarsa. Duk lokacin da ya zo hutu, ba shi usur da 'yan aji ɗaya, da takardar nan mai shafi uku, ka koma gefe ka ga yadda zai yi da su.